Wanda Ya Kai Bayan Tunau Ƙasa

Ku matso, ku da gardama ta zame wa tuwo. Ga wata na ɗauko muku, in kun raba ta kafin a kira la'asar na sallama muku. Sai dai wanda ya katse ni a tsakiya ya sani, daga farko zan sake ɗaukowa, kuma shi zai sha harara.

A Tungar Bauje, can ƙasar yamma inda gero ke wuce kan mahayin jaki, an yi wani ɗan kokawa mai suna Tunau, wanda makaɗa ke wa kirari da Kututture. Tun ranar da ya fara ɗaura warki har ranar da ya ajiye shi, ba a sami wanda ya kai bayansa ƙasa ba. Ba cika baki ba ne, garuruwa sun shaida. Abin ya shiga jininsa har ya biyo shi gida: barci a kan haƙarƙari yake yi, in zai huta a gindin bishiya jingina yake yi, goshinsa da gwiwarsa kuwa Mahaliccinsa kaɗai suke taɓa wa ƙasa. Yana da wani guru, wato ɗamarar fata da ya gada wajen kawunsa. Tun yana saurayi ya ɗaga gurun nan a tsakiyar fili, ya ci alwashi a gaban jama'a cewa duk wanda ya kai bayansa ƙasa, gurun nasa ne. Shekaru suka yi ta wucewa, gurun ya yi baƙi don gumi, bai canja ƙugu ba.

Da furfura ta kama shi aka naɗa shi sarkin kokawar garin. Al'adar Tungar Bauje kuwa ita ce, in an gama kai amfanin gona gida, ranar da za a buɗe kokawar kaka, babu saurayin da zai taka fili sai sarkin kokawa ya zagaye shi da ƙafarsa, shi kaɗai, daga rumfar dattawa ya dawo rumfar dattawa. Filin ba wani girma gare shi ba, mai koran akuya zai zagaye shi bai ma sani ba. Tunau ya yi shekaru yana wannan zagaye yana taunar goro.

Sai ciwo ya shigo masa ta inda bai iya tarewa ba. In ya ɗan taɓa tafiya sai ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji, nauyin ya gangara hannun hagu, ya hau har muƙamuƙi. In ya tsaya sai ya lafa. To, mutum irin Tunau ba ya tsayawa ba dalili, don haka ya dinga ƙirƙiro dalilai. A hanyar masallaci zai tsaya ya cire takalmi yana neman ƙayar da ba ta nan. A hanyar gona zai tsaya yana jujjuya zangarniyar geron wani kamar an sa shi dubawa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da kokawar kaka ta zo, ya kai rabin fili, daidai wata dirka da ake ɗaura wa tuta, sai ƙafa ta ƙi. Ya dafa dirkar yana haki. Makaɗa suka ƙara wa ganga wuta don su rufa masa asiri, jama'a kuma kowa ya kau da kai. Wannan kau da kai ya fi ciwon cin ransa, domin shi mutum ne da ya saba a kalle shi.

'Ya'yansa maza suka kai shi asibiti a birni. Aka yi aune-aune, likita ya ce jijiyoyin da ke shayar da zuciyar kanta da jini sun tsuke a wurare da dama, kuma da shekarunsa da halin da ƙodarsa ke ciki, aikin wuƙa zai fi ciwon haɗari. Ya rubuta magunguna, har da wata 'yar ƙwaya ta sawa ƙarƙashin harshe, ya ce a je gida a huta. 'Ya'yan suka sayo masa kujera mai taushi. Dattawan gari kuma suka zo da murya ƙasa-ƙasa suka ce baɗi za a ajiye masa kujerar nan a rumfa, ɗan ƙanensa ya yi zagayen a madadinsa. Tunau ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Baɗi ko in zagaya hilin nan da ƙahwata, ko ku zagaya shi da makarata. Na uku babu." Kujerar kuwa kaji suka gaje ta.

To, ga mutum na farko.

Tunau yana da 'yar fari, sunanta Kuluwa, tana aure a birni tana sana'ar ɗinki. Kun san kunyar ɗan fari yadda take a ƙauyukanmu. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, a hannun kakarta ta tashi, in ta shigo wuri shi ya tashi, in yana da magana da ita sai ya gaya wa ƙanenta tana zaune tana ji. Ba ƙi ba ne, son da ya yi yawa ne aka rufe shi da murfi. Da maganar makara ta kai kunnenta, ta san mahaifinta ba ya faɗa ya fasa. Ƙannenta suka ce a rungumi ƙaddara, ita kuwa ta ce ƙaddara ba ta hana tambaya ba. Ta rufe keken ɗinkinta, ta ɗauki hotunan zuciyarsa ta shiga bin asibitoci. Wani wurin a ce likita ba ya nan, wani wurin a maimaita mata abin da na farko ya faɗa, wani wurin a tambaye ta ina mazan gidan. Ba ta fasa ba, har ta faɗa hannun wani likitan zuciya a wani babban asibiti, wanda ya daɗe yana duba hotunan sannan ya ce akwai wani inji da ake taimaka wa irin waɗannan marasa lafiya da shi, ba yanka ba allura. Ya ce ba kowa yake wa daidai ba, sai ya ga tsohon da idonsa ya gwada shi tukuna.

Samun labari daban, kai shi gaban Kututture daban. Ƙannenta duk suka noƙe, kowa ya ce ba da bakinsa ba. Sai Kuluwa ta yafa mayafi, ta ratsa zauren da mahaifinta ke zaune da abokansa da rana tsaka, ta durƙusa daf da shi, ta ɗaga ido ta dube shi.

Tunau ya juya fuska ga bango, ya ce da ƙanenta, "Gaya ma wagga ɗiya ta tashi."

Ta ce, "Baba, ni ce Kuluwa, kuma ba ni tashi. Kunyar da ka ji mani tun ina goye na gode, ta ishe ni. Yau ba ta da amfani gare ni, don ba a jin kunyar kabari. Na samo wurin magani. In ka tahi, mu tahi tare. In ba ka tahi ba, nan za a yi ta wuce ni ana shiga gidanka."

Abokansa suka zare jiki ɗaya-ɗaya. Kafin magariba magana ta gama gari cewa 'yar farin Tunau ta zubar da kunya a zaure, gwaggonta har ta rantse ba ta ƙara cin abincin hannunta. Ita kuwa tana nan durƙushe, sallah kaɗai ke tashinta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma Tunau ya gane taurin kan nan, nasa ne aka dawo masa da shi. Washegari da hantsi ya ce da bango, ba da ita ba, a nemo mota.

Likita ya duba shi ciki da bai, ya ce jikinsa zai ɗauka. Ya kai shi wani ɗaki, ya nuna masa injin da wasu faffaɗan maɗaurai masu bututun iska. Injin yana da dogon suna na Turanci da ba wanda harshensa ya iya riƙewa, don haka likitan ya sauko da maganar ƙasa. Ya ce, "Baba, ka san lugude, mata biyu a turmi ɗaya, in taɓaryar wannan ta tashi ta waccan ta sauka. Zuciyarka taɓarya ɗaya ce, injin nan shi ne ta biyu. In zuciya ta buga ta saki, a ɗan tsakanin nan sai maɗauran su cika da iska, su matse ka daga ƙwauri zuwa cinya zuwa ƙugu, su turo jini sama ya shayar da ita. Kafin ta sake bugawa sun saki, sai ta tura jini ba wahala. In ana yi kullum, jini kan buɗe ƙananan hanyoyi ta gefen waɗanda suka tsuke. Ba zai mayar da kai saurayi ba, kuma ba za ka bar shan magani ba, amma muna fatan ka yi tafiya mai nisa ƙirji bai tsayar da kai ba. Sa'a ɗaya ce kullum, har wajen mako bakwai."

Maganar ta shigi Tunau, har ya gyaɗa kai. Sai idonsa ya faɗa kan gadon da ke gefen injin. Ya ce, "A tsaye aka yi, ko a zaune?"

Likita ya ce, "A kwance, Baba. Rigingine."

Kuluwa ta sunkuyar da kai, domin ta san da wannan tun farko, ta dai ɓoye ne don ta samu ya taho. Tunau ya gyara hularsa, ya yi wa likita godiya irin ta mutanen kirki, ya fita. A ranar ya koma Tungar Bauje. A ce shi, a gaban idon mutane, a shimfiɗe shi rigingine a kuma ɗaure masa ƙafafu. Wannan ai shi ne abin da ƙarti suka yi shekaru suna nema ba su samu ba.

Ga mutum na biyu.

A ƙetaren rafi akwai wani gari, Kwarin Gawo, a can kuma akwai wani tsohon ɗan kokawa, Barmo. Shi ma ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, kuma da wannan garinsu ke tinƙaho. Shi da Tunau sun gamu kaka bayan kaka, kullum canjaras, sai rana ta faɗi dattawa su raba su. A gamuwarsu ta ƙarshe Barmo ya ce gwiwar hannun Tunau ta taɓa ƙasa, Tunau ya ce ƙura ce ta tashi ta taɓa ta. Tun daga nan ba abin da ke haɗa su sai sallama, in sun haɗu a zaman makoki wannan na wancan bakin tabarma, wancan na wannan bakin. Da Barmo ya ji a kasuwa cewa Kututture ya guje wa gado, ya yi dariya har ya riƙe ciki, kowa ya gani. Abin da ba wanda ya gani shi ne yadda ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Ranar kasuwar Tungar Bauje, lokacin da ƙofar gidan Tunau ta cika da masu gaisuwa, sai ga Barmo a kan jaki. Ya sauko da ƙyar, don shi ma baya ya fara ba shi labari. Bai gai da kowa ba. Ya tuɓe rigarsa ya ninke ya ɗora a kan jakin, ya tako tsakiyar mutane, ya fara sauka ƙasa a hankali, gwiwoyi na ƙara. Ya zauna, ya miƙe ƙafafu, ya kwanta rigingine a cikin turɓaya.

Tunau ya ce, "Barmo, mi ya same ka?"

Barmo yana kallon sama ya ce, "Duba da kyau, kada gobe ka ce ƙura ce. Ga bayan Barmo ƙasa, gaban mutanenka. Na riga ka. Yanzu ko ka kwanta, kai na biyu ne, kuma ba a tuna na biyu. Ni na nemi bayanka tun muna samari ban samu ba, ba ni yarda wani ciwo da ko warki ba shi da shi shi zo shi kada mani kai a zaune. Tahi a gyara ka, ka dawo mu ƙarasa maganar gwiwar hannu."

Abin da ya fara zuwa wa Tunau fushi ne, domin Barmo ya yi masa sata. Ya kayar da kansa da kansa, har abada ba za a san wanda ya fi wani ba. Bayan fushin sai kunya ta biyo, irin wadda ke sa tsoho ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ya san abin da mutumin nan ya zubar a turɓaya, domin irinsa ke gare shi, kuma shi kaɗai ke gare shi. Ya miƙe ya ba shi hannu ya tashe shi. Yana kakkaɓe masa baya ya ce, "Gwiwar hannuna ba ta taɓa ƙasa ba."

Barmo ya ce, "Ta taɓa."

Samarin Kwarin Gawo ba su yafe wa Barmo ba. Suka cire sunansa daga waƙar fili, aka dinga tsokanar jikokinsa a makiyaya ana ce musu jikokin mai kwanciyar kasuwa. Shi kuwa Tunau, kwana biyu tsakani ya koma birni. Ya hau gadon nan da kansa, ya kwanta rigingine, haƙoransa a dantse.

Kuna tsammani an gama ke nan. Ai nan ne aka fara, ga mutum na uku.

Tunau bai sauka gidan surukinsa ba, ya sauka wajen wani ɗan garinsu, kuma wanda ya biyo shi don ya zauna da shi shi ne makaɗinsa, Cindo. Tare suka tashi, duk filin da Tunau ya taka gangar Cindo ce a bayansa. A ƙasarsu akwai wani kiɗa mai sanyi da ake kira rakiya. In an kayar da ɗan kokawa, makaɗinsa ne ke kaɗa masa shi a hankali, ya raka shi har ya fita fili. A Tungar Bauje ba makaɗin da bai taɓa kaɗa shi ba sai Cindo. Da wannan ake yi masa kirari, "Cindo, ba ka san rakiya ba," shi ma kuma ya sha faɗa a gaban makaɗa 'yan'uwansa cewa gara hannunsa ya bushe da ya kaɗa wa Kututture ita.

Aka manna wa Tunau wayoyi a ƙirji, aka maƙala masa wani abu a yatsa, aka naɗe masa ƙafafu, aka kunna inji. Da maɗauran suka damƙe ƙwaurinsa, jikinsa bai tsaya shawara da shi ba. Wanda ya yi rayuwarsa duk yana hana a ɗauke masa ƙafa, abu ɗaya jikinsa ya sani in an kama ta. Ya ƙanƙame, ya riƙe numfashi, ya dage yana ture injin kamar ƙato ne ya shigo masa ta ƙasa. Zuciya ta ɗauki gudu, bugunta ya rikice, injin ya rasa inda zai sa tasa taɓaryar, likita ya kashe. Aka sake washegari, haka. Aka sake, haka. Likita ya yi lallashi, ya yi bayani, Tunau ya ce ya ji, kuma da gaske ya ji, amma cinyoyinsa ba su da kunne. Daga ƙarshe likitan ya gaya musu gaskiya, ya ce in aka ci gaba a haka wahala kawai ake ba zuciyar, in bai saki jiki ba dole a haƙura.

Cindo ya roƙi a bar shi ya shigo da ganga, likita ya ce akwai marasa lafiya a ɗakunan gefe, amma ya yarda da 'yar ƙwarya da yatsu. Cindo ya kifa ƙwarya a cinya, ya fara da abin da hannunsa ya saba, wato taken Kututture. Ai kuwa sai tsuma ta taso, layin da ke rawa a fuskar injin ya haukace, saura kaɗan likita ya kore shi da ƙwaryarsa. Cindo ya dubi yatsunsa. Ya laluba duk kiɗan da ya iya, duk na zuga ne, duk na tayar da jini ne. Mai sanyi guda ɗaya ne tak a duniyarsu.

Da aka sake kunna inji, ya sunkuyar da kai ya fara kaɗa shi a hankali.

Tunau ya buɗe ido. Ya ce, "Cindo, mi nika ji?"

"Abin da kunnenka ya ji."

"Ni kaka yi ma rakiya? Ai ka ce ba ka iya ta ba."

Cindo bai tsayar da yatsunsa ba. Ya ce, "Na iya ta dole, tunda kai ka sa anka yi ta kaɗa ta a kunnena. Duk waɗanda ka kada na gan su. Sun tashi sun kakkaɓe, sun tahi gida sun ci tuwo, baɗi sun dawo hili. Ban ga wanda kaye ya kashe ba. An kada ka, Tunau. Saki ƙahwa."

Ba wanda ya taɓa gaya masa wannan kalma tun da uwarsa ta haife shi. Ya so ya tashi, ya so ya yi zagi, amma kiɗan yana ta zuwa a hankali, ba gori a cikinsa, ba dariya. Bai taɓa saurarensa ba sai yau, da can in ana kaɗa shi yana tsakiyar fili ne hannu a sama. Ashe kiɗa ne mai tausayi. Cinyoyinsa suka saki, numfashi ya sauka, hawaye suka zubo suka gangara cikin kunnuwansa, don mai kwance rigingine can hawayensa ke bi. Injin ya sami tsakanin da yake nema, ya shiga lugude da zuciyar Tunau, wannan ta saki wancan ya matsa, har sa'a ta cika.

Haka Cindo ya yi ta zama kullum da ƙwaryarsa har makonnin suka ƙare, yatsunsa na tsufa suka kumbura suka tsattsage. Labari kuma ya riga shi isa gida. Makaɗan da ya yi shekaru yana wa gori suka sami nama, duk inda ya bi sai wani ya ɗan taɓa rakiya a ganga yana murmushi. Kirarinsa ya mutu, kuma kirarin makaɗi in ya mutu ba ya tashi.

Sauƙi bai zo rana ɗaya ba. Tunau dai ya lura wata rana ya je masallaci ya dawo bai nemi ƙaya a takalmi ba. Ya koma gida yana shan magungunansa, yana ɗan tattaki safe da yamma kamar yadda likita ya ce, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Damina ta zo ta wuce, aka yanke gero, ranar buɗe kokawa ta zo. Dattawa sun sa an kawo kujerar nan an ɓoye a bayan rumfa, ko da za a buƙata. Tunau ya gan ta, ya wuce ta. Ya ɗaura gurunsa ya shiga fili. A hankali yake tafiya, ba taunar goro, kuma wannan karon ba wanda ya kau da kai. Da ya iso dirkar tuta, fili duk ya riƙe numfashi. Ya ɗaga hannu ya ɗan mare ta da tafinsa ya wuce. Ya zagayo har rumfar dattawa da ƙafarsa, ƙirjinsa na hawa da sauka, amma a tsaye.

Kafin samari su ruga ciki ya ɗaga hannu. Ya kwance gurun daga ƙugunsa, ya ɗaga shi sama kamar yadda ya yi yana saurayi. Ya ce, "Wanga guru na yi alwashi a kansa a hilin nan, kuma ni ba ni cin alwashi in tofar. An kai bayana ƙasa. Barmo, taso. Cindo, taso." Ya dubi wajen da mata ke tsaye, sannan ya ce, "Kuluwa, taso." Tsofaffin mata suka kama baki, domin ba wanda ya taɓa jin sunan nan daga bakinsa.

Aka zaci za su yi ta tura wa juna don kara. Ba ku san su ba. Kuluwa ta ce da ba ta zubar da kunyarta a zaure ba, da ko ƙofar ɗakin injin mahaifinta bai gani ba, kuma in an ce mace ba ta ɗaura guru, ba a ce ba ta ajiye shi ba. Barmo ya ce an kai Tunau ƙofar ɗakin ya gudo, wanda ya sa bayansa ya taɓa gado shi ne wanda ya fara shimfiɗa nasa a turɓaya, kuma shi Barmo ya jira gurun nan tun kafin a haifi wasu. Cindo ya ce kwanciya daban, kaye daban, mutumin ya kwanta kwana da kwanaki yana kokawa, bai faɗi ba sai da aka kaɗa masa rakiya. Wani mai son sulhu ya ce a yanka gurun uku. Tunau ya ce guru ƙulli ɗaya gare shi, kuma shi taron dangi ba a taɓa yi masa ba, mutum ɗaya ne ya kayar da shi, jama'a su faɗa ko wane ne. Ya ajiye gurun a tsakiyar fili ya koma rumfa. A ranar ba a yi kokawa ba, gardama aka yi har rana ta faɗi.

Kada wani mai wayo a cikinku ya ce mini a ba likita ko injinsa. An riga ku faɗa, Tunau kuma ya ba da amsa, ya ce likita da ciwon ya yi kokawa, ba da shi ba.

To, ga ku ga su. Ɗaya ta ba da kunyarta, ɗaya ya ba da bayansa, ɗaya ya ba da kirarinsa, kuma ba wanda zai iya karɓo abin da ya bayar. Tsakanin Kuluwa da Barmo da Cindo, wa ya kai bayan Tunau ƙasa, wa zai sunkuya ya ɗauki gurun?